Yadda za ka tsayar da yoyon baƙin mai a mota mai fowil, a gida da hannunka

Ni tsohuwar Hilux gare ni, mai injin fetur 2.7 ɗin nan da ake ce wa 2TR, da ita nake shiga gona ta wajen Dadin Kowa, ita ke kai taki ita ke kwaso masara, saboda haka duk abin da ya taɓa ta ni ya taɓa. Bara tsakiyar damina na fara ganin ɗigo a ƙofar gida duk safiya, da farko kamar kwabo, kafin wata biyu ya kai faɗin murfin kwano, kuma in na hau hanyar Deba inji ya ɗau zafi sai in riƙa jin ƙaurin mai na shigowa ciki. Na kai ta wani gareji, yaron ko wanke injin bai yi ba, ya leƙa ƙasa ya ce botom filet ne, wato kwanon ƙasan inji da mai ke taruwa a ciki, ya lafta gam ta waje ya ƙara ɗaure notuna, bayan kwana uku ɗigon ya dawo inda yake. Wani dattijon bakanike maƙwabcinmu ne ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, "Ɗana, mai ba ya hawa sama, gangarowa yake yi, in ka gan shi a ƙasa to ka ɗaga kai." Ashe gaskit ɗin marfin saman inji ne ya bushe, botom filet lafiyarsa ƙalau. Tun daga ranar nake cewa rabin aikin nan gano wurin ne, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Toh abu na farko, ka tabbatar baƙin mai ne tukuna. Mota mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, mayuka ne cike da cikinta, ga na inji ga na giyabos ga na ogzilari, ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, ga aksul na gaba da na baya, ga na sitiyari. Ka samu kwali mai faɗi ka shimfiɗa ƙarƙashin motar da daddare, ka yi alama a kwalin inda tayar gaba take don ka san saitin ɗigon, da safe ka jawo ka duba. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, in dizal ce kuwa baƙi wuluk. Man giya da na aksul ya fi kauri kuma yana da wani wari mai hawa kai, in ka shinshina sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. In ja-ja ne to na giya otomatik ne ko na sitiyari. Sannan ka zaro ma'aunin mai a wuri mai daidai, inji a kashe, ka goge ka mayar ka sake zarowa, ka riƙe inda yake a ranka. Wani lokacin ma man ne aka cika ya wuce layin sama wajen juye, shi kaɗai yana sa sil, robar da ke tare mai, ya fara tsatsafa, in haka ne rage shi za ka yi ka sa ido.

Kafin ka shiga ƙarƙashi, don Allah a kiyaye. Wuri mai daidai, ba gangare ba, ba yashi ba. Ka ja hanbirki ka sa ta a giya ka tokare tayoyi da dutse ko katako gaba da baya, ka zare mukulli ka sa a aljihu saboda yara. Alherin Hilux da Land Cruiser da Prado shi ne suna da tsayi, mutum zai iya kwanciya a ƙarƙashi ba tare da ɗagawa ba. In kuma dole sai ka ɗaga, kada ka yarda ka sa jikinka a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, fashewa yake lokaci ɗaya ba ya sallama, ka samu sitan na ƙarfe ko gungumen katako mai kauri. Aikin da sassafe ake yi inji da sanyi, balle a watan Maris da Afrilu nan Gombe da ƙarfe ke ƙona hannu tun kafin azahar.

Kayan aiki ba masu yawa ba ne. Soket da sifana lamba 10 da 12 da 14 su ne za su yi maka yawancin aikin Toyota, sai sukundireba, filaya, tocila mai haske sosai, tsummokara da yawa, tsohon buroshi, kalanzir, garin sabulu, roba mai faɗi ta tarar mai, da hodar jarirai. In kana da wanda zai ara maka sifanar nan mai awon ƙarfin ɗauri to ka aro, za ka ga amfaninta a gaba.

Yanzu sai wanki. Ka fara kwance faifan ƙarfen da ke kare ƙasan inji, wanda ake ce wa injin furotekta, notunansa yawanci lamba 12 ne. Wannan faifan shi ke ruɗar mutane, don mai yana ɗiga a kansa ya haɗu da laka da ƙura ya bi ya fita ta wani gefe can daban, ni da na sauke nawa laka ce da mai sun yi kauri kamar tuwo, har da tsinkayen karan dawa a ciki. Ka ɗaure leda a kan altaneta da akwatin fis da bakin shan iska. Ka shafa kalanzir da buroshi duk inda mai ya kama, daga sama har ƙasa, ka bar shi ya jiƙa kamar minti goma, ka bi da ruwan sabulu ka ɗauraye a hankali, banda watsa ruwa da ƙarfi kan wayoyi. Kada ka wanke da fetur, na san ana yi a gareji amma tartsatsi ɗaya ya isa, kuma a gida kake, ga mata na girki ga yara. Ka bar bonet a buɗe rana ta busar da shi sarai.

In ya bushe, sai ka barbaɗa hodar nan a wuraren da ake zargi, kewayen marfin sama, gindin filta, bayan fulin da ke ƙasan gaban inji, bakin botom filet, notin juye, da mahaɗar inji da giyabos. Ka cire ledojin, ka tayar da mota ta yi kamar minti goma sha biyar a tsaye, ka kashe ka haska tocila. A kan farar hoda man zai ja baƙin layi ƙarara, ka bi layin nan sama har inda ya fara, nan ne ciwon. In bai nuna ba ka ɗan zaga da ita cikin gari, kada ka yi nisa, don in ka yi gudu iskar fanka da ta hanya za su watsa man ko'ina ka koma gidan jiya. Bayan inji wajen da ya jingina da bangon mota ido ba ya kaiwa, ka zura waya ka ɗauki hoto ko ka shafa farin tsumma ka gani.

Mu fara da masu sauƙi. In notin juye ne ke ɗiga, kusan kullum woshar ce, wannan 'yar zoben da ke tsakanin noti da botom filet, sau ɗaya aka yi ta a matse ta amma a wajenmu sai ta yi juye goma ba a canza ba, in ta fara yoyo kuma sai a ƙara ɗaurewa da ƙarfi har a cinye zaren. Ka tara roba mai tsabta, ka kwance da lamba 14, mai ya tsiyaye, ka ɓamɓare tsohuwar woshar don tana manne wa jikin ƙarfen, ka sa sabuwa, ka fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana. Ƙarfinsa a yawancin Toyota wajen Nm 40 ne a sifanar awon ƙarfin ɗauri, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya, ba a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo. In ka ji notin yana ta juyawa ba ya kamawa to zare ya tafi, kada ka naɗa masa leda ko zaren famfo ka hau hanya, wannan sai an sake yanka zare.

In filta ce, ka kwance ta ka duba ko robar tsohuwar filta ta maƙale a jikin inji aka ɗora sabuwa a kai, roba biyu ba sa riƙe mai, wani lokacin ma feshi suke yi. Ka goge wurin, ka shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filta, ka murɗa da hannu har robar ta taɓa, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, shikenan. A nan kusa da filta kuma akwai oyil suwic, ɗan abin nan mai waya ɗaya da ke kunna fitilar mai a dashbod, in ya tsufa yana tsatsafowa ta cikin robar kansa, ka zare soket ɗin wayar in ka ga mai a ciki to shi ne. Dogon soket ake kwance shi da shi, sabon kuma a ɗaura shi sannu-sannu don zarensa mai tsukewa ne, in ka matsa da yawa za ka iya tsaga mazauninsa, ƙaramin gyara ya zama babba.

Sai babban aikin da ni na yi, gaskit ɗin marfin sama. Wajen saye ka kula da bakinka, ka ce gaskit na tof kaba kake so, don in ka ce tof gaskit za su miƙo maka na kan silinda, wannan wani aiki ne daban. Ka faɗi lambar injinka, ka ce a haɗa maka da robobin ramin filogi, kuma ka lanƙwasa robar a hannu, mai kyau tana da laushi tana komawa daidai, mai arha tauri gare ta kamar igiyar roba kuma zafinmu ba zai bar ta ta shekara ba. Wannan ba abin da ake saye na hannu ba ne. Ka haɗa da gam ɗin inji mai jure mai da zafi, baƙi ko ruwan toka, ƙaramin tub ya ishe ka har ya yi saura.

Ka cire kan batir na nagetif. Ka ɗauki hoton saman injin ta kowane gefe kafin ka taɓa komai, wallahi hoton nan zai cece ka wajen mayarwa. Ka kwance bututun iska da ya gitta ta saman marfin, ka zare tiyo biyu na numfashin inji, ka cire soket na koyil huɗu a hankali don robobinsu sun gasu suna karyewa, ka kwance notunan koyil ka jera su yadda suke a kan kwali. In ka zaro koyil ka ga jelarsa sharkaf da mai, to robobin ramin filogi ne suka mutu, shi ke sa wata motar ta riƙa tari da safe, ka tsane man da tsumma a kan sukundireba kafin ka ci gaba. Kafin ka buɗe marfin ka share duk ƙura da yashin da ke kewaye, wannan kada ka yi masa gaggawa, motar da ke bin hanyar Dukku ko Nafada yashi ne a kowane lungu nata, kuma ƙwayar yashi in ta faɗa ciki kan kamshaf za ta zauna.

Ka kwance notunan marfin daga gefe zuwa tsakiya, ka kula wasu sun fi wasu tsawo, ni nakan huda kwali da siffar marfin in soke kowanne a gurbinsa. In marfin ya ƙi tashi ka ɗan bubbuga shi da tafin hannu ko guntun katako, kada ka cusa sukundireba tsakani ka banƙara, kan injin alminiyom ne, in ka yi masa tabo to yoyo ya samu hanya ta dindindin. Da ya tashi ka rufe cikin injin da tsumma mai tsabta. Tawa gaskit ɗin da na zaro ba ta ma lanƙwasa, karyewa ta riƙa yi gutsure-gutsure kamar busasshiyar taliya, daga baya ta wajen ekzos kuma ta tsage gaba ɗaya, nan ne man ke sauka kan ƙarfe mai zafi yana ba ni ƙaurin nan.

Ka wanke marfin da kalanzir ciki da waje, ka bi kwarmin da gaskit ke zama ka fitar da duk guntun tsohuwa, ka shanya shi. Fuskar kan injin kuma ka kankare tsohon gam da abu na roba ko katako, ba wuƙa ba, ka goge har ya zama ba maiƙo ko kaɗan, in ka shafa yatsa ka ji yana kamawa. Ka danna sabuwar gaskit cikin kwarmin zagaye ɗaya ba tare da ka ja ta ba, ka sa robobin filogi su zauna daidai.

Maganar gam, a nan ne nake da ja da yadda ake yi. Ba a shafe gaskit ɗin roba da gam gaba ɗaya. Ɗigo kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake, a wurare biyu na gaba inda marfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji, za ka ga siririn layin mahaɗar da idonka, in injinka yana da lungu mai kusurwa inda gaskit ke hawa ta sauka to nan ma ɗigo. Gam mai yawa in aka matse shi ciki yake bultsowa, ya bushe ya gutsure ya gangara botom filet ya toshe rariyar da famfon mai ke tsotsa, ka ga garin tsayar da ɗigo an hana inji mai gaba ɗaya. Da ka sa gam kada ka tsaya hira, cikin 'yan mintuna ka cire tsumman ka ɗora marfin a miƙe, ka leƙa ta baya ka tabbatar gaskit ba ta zame daga kwarmi ba.

Ka sa duk notunan da yatsu tukuna, sannan ka fara ɗaurewa daga tsakiya kana tsallakawa hagu da dama zuwa gefe, zagaye biyu, na farko sama-sama na biyu ka kammala. Ƙarfinsu kaɗan ne ƙwarai, Nm 9 zuwa 10, in ba ka da sifanar awo ka riƙe ƙaramin hannun soket kusa da kansa ka murɗa da wuyan hannu, da ka ji ya tsaya ka tsaya. Dattijon nan yana tsaye a kaina yana cewa, "Ya isa, ya isa, robar ce ke riƙe mai ba ƙarfinka ba." Na ce, "Baba, ba zai kwance ba?" Ya ce in bar shi haka, kuma har yau bai kwance ba. Notunan sirara ne, in ɗaya ya karye a ciki ka sayi wahala.

Kafin ka mayar da tiyo, ka duba bawul ɗin numfashi da ke jikin marfin, wanda ake ce wa PCV. Ka cire shi ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kacau-kacau, in shiru to ya toshe, ka wanke da kalanzir ko ka canza. Wannan ɗan abin mutane ba sa kula shi, alhali in ya toshe iskar cikin inji ba ta da mafita sai ta tura mai ta kowane sil, ka canza gaskit yau gobe wani wuri ya ɓalle. Ka mayar da koyil da soket da bututun iska kana duba hotonka, ka ƙirga kayan aikinka da tsummokara kada wani ya rage a ciki, ka haɗa batir. Ka ba gam aƙalla awa biyu kafin ka tayar, in ka bar ta ta kwana ma ya fi.

Masu dizal irin 1KD da 2KD ku dakata. A waɗannan injinan bututun nozul sun ratsa ta marfin, sai an kwance su kafin ya fita, kuma dizal ɗin cikinsu yana da matsi mai haɗari, ƙura kaɗan kuma tana lalata nozul mai tsada. In ba ka taɓa yi ba ka samu wanda ya sani ya tsaya maka. Tsofaffin 5L da 1HZ sun fi sauƙin kai, sai dai su duka huɗun nan bel ne ke ja musu taimin, in ka ga mai yana fitowa daga ƙarƙashin marfin bel ɗin to kada ka ja lokaci, mai yana cin bel, in ya tsinke a kan hanya bawul da fistin ne za su gwabza.

Akwai kuma yoyon da ni ban ba ka shawarar ka taɓa a tsakar gida ba. In man daga mahaɗar inji da giyabos yake fitowa, kuma ka tabbatar ba daga sama ya gangaro ba, to oyil sil na baya ne, sai an sauke furofela biyu, sandunan da ke kai juyi ga aksul, da ogzilari da giyabos, nauyin da mutum biyu ba sa ɗauka a kwance. Sil na gaba kuma notin fulinsa da ƙarfin gaske aka ɗaure shi, yana son abin riƙewa da abin zarowa na musamman. Botom filet shi ma a yawancin masu fowil aksul na gaba ya tokare shi, kuma a Toyota da yawa ba gaskit gare shi ba, gam ne aka zizara tun daga kamfani, sai an sauke an kankare an sake, lafta masa gam ta waje aikin banza ne. Zuba mai mai kauri don ɗigo ya ragu shi ma ba gyara ba ne, ka tsaya kan lambar man da littafin motarka ya ce. In dai fitilar mai ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe nan take ko a tsakiyar dajin hanyar Bajoga kake.

In lokacin da ka ba gam ɗin marfin sama ya cika sai ka duba ma'auni ka cika mai zuwa layin sama, kada ya wuce. Ka tayar, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, ka bar ta ta yi zafi kana zagayawa da tocila. Za ka iya ganin ɗan hayaƙi daga ekzos ta wajen da tsohon mai ya zuba, wannan ƙonewa yake zai wuce. Ka sake barbaɗa hoda a bakin marfin, ka yi kwana biyu kana hawa ba tare da furotekta ba in cikin gari ne, sabon kwali a ƙasa kowane dare, in ya wayi gari fes sau biyu sai ka wanke faifan ka mayar kafin ka shiga daji. Tsohon man kuma ka juye a jarka ka rufe ka kai wa masu juye, kada a zuba a kwata ko bayan gida inda awaki da kaji ke kiwo, damina na zuwa ruwa zai kwashe shi ya kai inda ake ɗiba. Bayan sati ɗaya ka sake zaro ma'auni da safe a daidai wurin da ka saba ajiye ta, ka gwada da inda ka bar shi.